Ɗigo biyu daban, ɗigo biyar daban: yadda na kai 'yata riga-kafin rota

Ɗana na fari yana da wata goma, cikin hunturun Disambar 2021, amai ya kama shi da daddare. Kafin asuba gudawa ta biyo baya, ruwa zalla, babu jini babu majina. Duk wadda ta leƙo gidan magana ɗaya take yi: haƙori ne, zai wuce. Surukata, Hajiya, ta aiko da jiƙo, maƙwabciya ta kawo ragowar Flagyl na ɗanta, mai kemis ya ƙara mana da wani maganin ruwa. Kwana biyu muna cikin haka. Rana ta uku na ɗora hannu a kansa na ji maɗigarsa ta lotsa, idanunsa sun zurma, yana kuka ba hawaye, tun safe kuma bai jiƙa famfas ba. A asibiti sai da aka huda shi sau huɗu kafin a samu jijiyar da za a sa masa ƙarin ruwa. Kwana biyar muka yi a ɗakin yara, gado ɗaya yara biyu, mun kashe kusan naira dubu talatin tsakanin magani, ruwa da abinci. Yarinyar da ke gadon kusa da namu, wadda aka kawo daga ƙauye a makare, ba ta kwana biyu ba Allah ya karɓi abarsa. Har yau ina ganin uwarta tana naɗe tabarmarta.

Ranar sallama likita ya ce mini, "Malama, alamu sun nuna rota ce, wannan lokacin nata ne." Ban taɓa jin sunan ba, duk da cewa kimiyyar halittu nake koyarwa a sakandare a nan Katsina. Ya yi mini bayani a tsaye: ƙwayar cuta ce irin bairos, saboda haka Flagyl da sauran magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa ta, kusan kowane yaro a duniya sai ya gamu da ita kafin ya cika shekara biyar, na mai kuɗi da na talaka, kuma abin da ke kashe yaron ƙarewar ruwan jiki ne. Na tambaye shi ko akwai riga-kafi. Ya ce akwai, amma a lokacin sai a wasu asibitocin kuɗi ake samu, kuma tun yaro yana jariri ake farawa. Na fito da ɗana a kafaɗa ina jin ciwon cewa abin nan yana da riga-kafi, ni ce ban sani ba.

A watan Agustan 2022, ina da cikin wata shida, na ji a rediyo cewa gwamnatin tarayya ta shigar da riga-kafin rota cikin jerin riga-kafin yara na yau da kullum, kyauta. Ranar 22 ga watan aka ƙaddamar a Abuja, a ƙarƙashin hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa wadda Dakta Faisal Shu'aib ke shugabanta a lokacin, kuma da jihohin Arewa aka fara kafin na Kudu. A wurin awo na tambayi ungozoma, ta ce sau uku ake bayarwa, a baki, mako shida, mako goma, mako sha huɗu. Na rubuta a bayan katin awona. Na haihu a tsakiyar Nuwamba, mace. Kafin a sallame mu aka yi mata allurar tarin fuka a damtse, ta ciwon hanta a cinya, da ɗigon shan inna, aka ba ni katin riga-kafinta da ranar dawowa a rubuce. Ban biya ko sisi a kan katin ba.

Gardamar farko a gida ta taso. Hajiya ta ji ana cewa sabon ɗigo ne, ta kira ni ɗakinta ta ce, "'Yar nan, sabon abu ba a fara shi da jikata. A bari a gani a jikin 'ya'yan wasu." Ban ga laifinta ba. 'Yar Kano ce, tana can a 1996 lokacin annobar sanƙarau da aka yi gwajin maganin Trovan wanda yara kusan 200 suka shiga, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Maigida yana tare da ni, don shi ya yi ta zirga-zirgar sayen ruwa a waccan jinyar, amma ba ya son ya yi musu da mahaifiyarsa.

Yayata ce ta warware mana. Tana aure a wani ƙauye kusa da Ɗan Isa, a yankin Madarunfa ta jihar Maraɗi, da an wuce Jibiya da Magama an isa. Ta zo suna ta zauna taya ni jego. Tana jin maganar ta ce, "Hajiya, ai an riga an gani a jikin 'ya'yan wasu, nawa yana ciki." A 2015 ne ma'aikatan lafiya suka zo mata da batun gwajin wani ɗigon zawo, kamar yadda suke kiran gudawa a can. An karanta musu takarda da Hausa ita da mijinta, an gaya musu ƙarara cewa rabin yaran za su sha na gaske, rabi za su sha wanda ba magani a ciki, kuma ba uwa ba, ko mai ba da ɗigon ba ta san wanne ne wanne ba. An ce mata tana iya fita duk ranar da ta so. Ta dangwala yatsa. Bayan ɗigo uku, duk mako wani yana zuwa gida ya tambayi lafiyar yaron, in ya yi zawo a kai shi likita a ɗauki kashinsa a gwada. "Ga shi can yana makarantar boko," in ji ta. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya sa a dace." A wurinta wannan izini ne.

Daga baya na bi diddigin labarin Yaya na same shi yadda ta faɗa. Gwajin Madarunfa, ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyar bincikenta Epicentre ne suka yi shi tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar, sun fara ɗaukar jarirai a Agustan 2014. Ɗigon na kamfanin Serum ne na Indiya, wanda yanzu ake kira Rotasiil, gari ne da ake damawa da ruwansa kafin a bayar, an yi shi don ya jure zafi na watanni inda babu wuta babu firji. A Maris ɗin 2017 aka buga sakamakon. Cikin yara 3,508 da aka ƙidaya, 1,780 sun sha na gaske, 31 daga cikinsu suka yi gudawar rota mai tsanani. Sauran 1,728 da suka sha wanda ba magani, 87 suka yi. Kariyar ta kama kashi 66.7 cikin ɗari. A Satumbar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Ba wannan samfurin aka kawo mana Najeriya ba, amma ya ratsa ni cewa 'ya'yan Hausawa, 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, suna cikin waɗanda aka tabbatar wa duniya da wannan abu a jikinsu.

Mako shida kwana arba'in da biyu ne, wato kwana biyu bayan an gama wankan jego. Wannan shi ne lissafi mafi sauƙi, amma shi ne kuma lokacin da ake son mai jego ta fita yawon arba'in gidajen dangi. Na ce a ɗaga yawon, asibiti tukuna. Ranar da aka rubuta mini na gama abin kari, na yi wa jaririya wanka, na isa asibitin unguwarmu wajen goma da rabi a Keke Napep, naira ɗari biyu. Na tarar da rumfa cike, mata sun fi sittin, wasu a benci wasu a kan zannuwansu a ƙasa. Tsarin haka yake: kina zuwa ki ajiye katinki a kan tebur a bisa na wadda ta riga ki, a juya tarin a fara kira daga na farko. Ban san haka ba, na yi kusan rabin awa riƙe da katina a hannu sai da wata ta ce, "Maman bebi, ba ki ajiye kati ba?" Aka kira ni wajen awo, aka rataya ta a sikeli, aka rubuta nauyinta, aka shigar da sunanta a babban rijista, na koma na zauna. Sai bayan azahar na shiga ɗakin allura. Sista ta matse kumatun yarinyar ta ɗiga mata wani ruwa mai ɗan ja a baki, ta yi mata allura a cinyoyi, ta ce in ba ta farasitamol in jikinta ya yi zafi, ta miƙo mini kati tana kiran ta gaba. Na fito zuciyata fari ƙal, ina cewa an yi ɗigon rota na farko.

Da daddare maigida ya ɗauki katin yana dubawa da fitilar waya. Ya ce, "Ga kwanan wata a layin OPV 1 na shan inna, ga shi a Penta 1, allurar cututtuka biyar, ga shi a PCV 1, allurar namoniya. Layin Rota 1 babu komai." Jikina ya yi sanyi. Na ce wataƙila mantuwa ta yi wajen rubutu, ai da idona na ga ɗigon. Ya tambaye ni ɗigo nawa, daga kwalba nawa. Na tuna, kwalba ɗaya ce, ɗigo biyu. Washegari na koma, ba ranar riga-kafi ba ce, na samu Sista ita kaɗai tana cike takardu. Ta duba katin ta ce, "Wanda kika gani na foliyo ne. Rota ya ƙare jiya tun kafin sha biyu, mun sanar a rumfa, wataƙila ba ki ji ba." Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini a ɗakin ba. Ta ce mutum biyu ne suke aikin mutum shida. Ban ji daɗi ba, amma na ga gajiyar a fuskarta. Ta ce an je ɗauko wani daga ma'ajiyar sanyi ta ƙaramar hukuma, in dawo mako mai zuwa, da sassafe.

Wannan shi ne ruɗanin da ya sa na zauna rubuta wannan, domin na tabbata ba ni kaɗai ya faɗa wa ba. Ɗigon baki iri biyu ne a rana ɗaya. Na shan inna ɗigo biyu ne, shi ne kuma wanda ake bi gida-gida da shi a shafa wa yaro alama a ɗan yatsa. Na rota da ake ba mu ɗigo biyar ne, daga wata kwalbar daban, kuma masu zagayen foliyo ba shi suke ɗauke da shi ba. Mata da yawa a unguwarmu sun ce mini 'ya'yansu sun sha, da na tambaya sai in ga na ƙofar gida suke nufi. Kwalaben ƙanana ne, ruwan ciki ya yi kama, uwar da ke fama da jariri mai kuka ba za ta bambance ba in ba ta san tana neman abu biyu ba.

Mako na zagayowa, farkon Janairun 2023, ƙarfe bakwai da rabi ina rumfar, cikin hazo da sanyi, na naɗe ta da bargo biyu. Ni ce ta biyar. Sai wajen tara aka buɗe firji aka jera kwalaben a akwatin sanyi, aka yi mana ɗan wa'azin lafiya, kafin goma an kira ni. Na roƙi Sista ta nuna mini kwalbar, ta nuna: Rotavac. Ta ce in ɗan kishingiɗar da ita a hannuna, ta ɗiga a gefen kumatu a hankali, ni kuma ina ƙirgawa a fili har biyar. Na tambaya ko zan jira kafin in ba ta nono, don wata a rumfa ta ce sai an yi awa ɗaya. Ta ce ba haka ba ne, in ba ta ko yanzu. Ban tashi ba sai da na ga ta rubuta kwanan wata a layin Rota 1. Sannan ta gyara ranar dawowata, ta ce tsakanin ɗigo da ɗigo dole a samu aƙalla mako huɗu, saboda haka ta matsar da duka alluran mako goma zuwa farkon Fabrairu don in yi tafiya ɗaya.

Kafin in fita ta riƙe hannuna ta gaya mini abin da ba kowa ake gaya wa ba. Ɗan sakin ciki ko rigima na kwana ɗaya ba komai ba ne. Amma in cikin makon nan yarinya ta riƙa tsandara kuka tana naɗe ƙafafu zuwa ciki, ta lafa, ta sake, ga amai, ko na ga jini da majina a kashinta, kada in jira gari ya waye, in kai ta babban asibiti in ce ta sha rota. Wani yanki na hanji ne ke shigewa cikin wani. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, yana samun yara ko ba riga-kafi, amma ɗigon farko yana ɗan ƙara yiwuwarsa a kwanakin farko, kuma ana gyara shi in an je da wuri. Na yi makon ina duba kowane famfas. Babu abin da ya faru.

A waɗannan dararen, ina shayarwa, na riƙa karanta tarihin abin da aka ɗiga wa 'yata. A 1973 wata masaniya 'yar Ostareliya, Ruth Bishop, da abokan aikinta suka gano ƙwayar a hanjin yara masu gudawa a Melbourne. An sa mata suna rota daga kalmar Latin mai nufin wili, don a madubin likita kamar ƙafar keke take. Riga-kafin farko ya fito a Amurka a 1998, aka janye shi a 1999 saboda wannan matsalar ta hanji, abin da ya sa duk na baya aka gwada su a kan dubban yara kafin a sake su. A 2006 aka samu biyu, Rotarix da RotaTeq, sun yi aiki sosai a Turai da Amurka, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin ƙasashen da cutar ta fi kisa. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa ta sa riga-kafin rota cikin jerinta. Lissafin hukumar na 2013 ya nuna cutar ta kashe yara kusan 215,000 a shekarar, kusan rabinsu a ƙasashe huɗu: Indiya, Najeriya, Pakistan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Mu kaɗai kashi 14 cikin ɗari. Duk da haka sai 2022 ya shigo asibitocinmu na gwamnati, alhali Ghana ta fara tun 2012, Nijar 2014. Wannan jinkirin yana yi mini ciwo, saboda yarinyar gadon kusa da namu a cikinsa ta tafi.

Labarin Rotavac kuwa daga ɗakin jarirai ya fara. A tsakiyar shekarun 1980 wani likitan yara a babban asibitin koyarwa na New Delhi, Dakta Maharaj Kishan Bhan, ya lura cewa jariran da aka haifa a wurin suna ɗauke da wani nau'in rota da ba ya sa su ciwo, kuma daga baya ba sa yin gudawar mai tsanani kamar sauran yara. Wannan nau'in, da aka yi wa lamba 116E, shi aka raina kusan shekara talatin, da hannun gwamnatin Indiya, masanan Amurka da ƙungiyar lafiya ta PATH, har kamfanin Bharat Biotech na Hyderabad ya mayar da shi riga-kafi ya yi alkawarin sayar da shi dala ɗaya kowane sha. An gwada shi a kan jarirai 6,799 a Indiya, ya shiga jerin riga-kafinsu a 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Janairun 2018. Mutanen da su ma gudawa ke kashe 'ya'yansu ne suka yi shi, da farashin da ƙasa irin tamu, da tallafin ƙawancen Gavi mai taimaka wa ƙasashe marasa ƙarfi sayen riga-kafi, za ta iya ɗauka.

Zuwa na biyu ya faɗo tsakiyar wahalar canjin kuɗi, farkon Fabrairu, lokacin da takardar naira ta ɓace. Riga-kafi kyauta ne amma mai Napep ba ya karɓar tiransifa, mai POS kuma ba shi da ko ɗari biyar. Na goya ta na taka, minti arba'in. Rumfar ranar ba ta kai rabin yadda na saba gani ba, Sista ta ce matan ƙauyukan gefe ba su da kuɗin mota. Yarinyar tana ɗan mura, na ji tsoron za a mayar da ni. Ta taɓa jikinta ta ce mura ba ta hana riga-kafi, abin da zai sa a ɗaga rota shi ne in yaro yana cikin amai da gudawa sosai ko zazzaɓi mai zafi. A wannan karon na lura da abin da ban lura da shi ba a baya: ɗigo ake fara bayarwa kafin allura, don in an fara da allura yaro yana kuka zai tofar. Rota biyar, foliyo biyu, sannan Penta da ta namoniya. Daren ta yi zazzaɓi, cinyarta ta ɗan kumbura. Hajiya ta ce ɗigon ne. Na ce mata allurar Penta ce ta saba yin haka, yayanta ma ya yi alhali bai taɓa shan rota ba. Kwana ɗaya ya sauka.

Na ukun ba a asibitinmu na yi ba. Rashin lafiyar mahaifina ya kai ni garinmu a ƙarshen Fabrairu, ga zaɓe, na daɗe fiye da yadda na yi niyya, ranar da aka rubuta mini ta wuce da kwana goma sha biyu. Wata ƙawata ta ce tunda na tsallake sai an sake daga farko, wata ta ce sai asibitin da na fara. Duka biyun ba gaskiya ba ne. Na ɗauki katin na je asibitin sha-ka-tafi na garin, na fara tambayar ranar da suke riga-kafi, don kowane asibiti da ranakunsa. Ma'aikacin wurin, wani dattijo, ya duba ya ce, "Ba a komawa baya, 'yata, daga inda aka tsaya ake ɗorawa." Ya shigar da ita rijistarsu, ya ba ta Rota 3 da sauran na mako sha huɗu har da allurar shan inna, ya rubuta mini ranar bitamin A ta wata shida da ta ƙyanda da shawara a wata tara. Abin da kawai ya nema shi ne katin. Wata da ta zo bayana ba kati, sai da aka daɗe ana tambayarta ana lalube, ita kanta ba ta tuna ko sau nawa aka ɗiga wa ɗanta ba.

Da damina, tana da wata takwas, ta yi gudawa. Hajiya ta shigo ta tsaya a kaina ta ce, "To ina amfanin ɗigon naku?" Tambaya ce ta gaskiya, ni ma sai da gabana ya faɗi. Amsar ita ce gudawa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta gurɓataccen ruwa, akwai ta bakteriya, akwai ta wasu bairos ɗin, ɗigon rota da rota kaɗai yake faɗa. Ko a kan rotar ma, a ƙasashenmu ba ya kai ƙarfin da yake kaiwa a Turai. Can kariyar tana haura kashi 85 cikin ɗari, gwajin Malawi ya ba da kusan 49, na Indiya kusan 56 a shekarar farko, na Madarunfa kusan 67. Masana suna danganta wannan da rashin abinci mai gina jiki, yawan cututtukan da hanjin yaranmu ke fama da su tun suna ƙanana, da garkuwar da jariri ke samu daga uwa wadda kan rage kamun ɗigon. Wani zai ce rabin kariya ai da babu gara ba daɗi ne. Ni ban ɗauke shi haka ba. Inda cuta ta fi yawa ta fi kisa, rabin nan yara ne masu yawan gaske, fiye da waɗanda cikakkiyar kariya ke ceta a inda asibiti yake bakin ƙofa. Kuma abin da ɗigon ya fi hanawa shi ne mai tsananin, irin wadda ta kwantar da ɗana.

A wannan karon ban saurari maganar haƙori ba, ban kuma nemi Flagyl ba. Tun kashi na uku na dama ORS, ruwan gishiri da sukari na leda, a ruwan da na tafasa ya huce, daidai awon da aka rubuta a jikin ledar, ina ba ta da cokali bayan kowace gudawa, in ta yi amai in jira minti goma in ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni na zubar na dama sabo. Na ci gaba da nono da kununta. Na kai ta asibiti aka duba, aka ba ni ƙwayar zinc, ɗaya a rana ana narkawa a cokali, aka ce in cika kwana goma ko da ta warke. Kwana uku ta tsaya. Ba a gwada kashinta ba, saboda haka ba zan ce rota ce ɗigon ya sassauta ba, amma maɗigarta ba ta lotsa ba, ba mu kwana a asibiti ba, abin da na kashe bai kai naira dubu ɗaya ba.

Ga mai jegon da za ta bi wannan hanya, abin da zan gaya mata shi ne ta tambayi ranakun riga-kafin asibitinta tun tana zuwa awo, ta sa a ranta cewa kwana biyu bayan arba'in asibiti za ta, yawon dangi ya biyo baya. Ta isa kafin takwas, don abin da aka ɗauko na ranar yana iya ƙarewa, ta ajiye katinta a tebur tana zuwa. A ɗakin allura ta buɗe baki ta ce, "Sista, yau akwai rota?" ta ga kwalba biyu da idonta, kuma kada ta bar wurin sai ta duba layin Rota a katin. In ba ta karatun boko ta ba wadda ke kusa ta duba mata. In an ce babu, ta tambayi ranar da zai zo, ko ta gwada asibitin gaba, don katin yana aiki ko'ina. Riga-kafin kyauta ne, kuɗin da za ta tanada na mota ne da na farasitamol. Ta ɗauki hoton katin a waya duk bayan zuwa, ta ajiye shi cikin leda inda ruwa da yara ba za su kai ba. Maigida kuma ya duba katin da kansa in an dawo, don a gidanmu shi ne ya gano layin da aka bari fayau.

Ƙanwar maigida ta haihu bana. Ranar da ta cika arba'in Hajiya ce da kanta ta aiko a kira ni, ta ce, "'Yar nan, jibi ki raka ta asibiti, ki tsaya a kanta ki ƙirga mata ɗigon nan." Mun isa bakwai da kwata, katinmu ne na uku a kan tebur.